Kebul Ɗin Sakatariya

"Shi ke nan, na kashe hanyar kebul a kwamfutar," in ji mai gyara. "Kin koma waifai, intanet ya daina yankewa."

Wata uku ke nan sakatariya tana zare kebul ɗin da yatsan ƙafa a ƙarƙashin tebur, don kawai a kirawo mai gyaran. Yanzu da wace hujja zai sake leƙo ofishinta?

"Na gode, malam," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya miƙa mata 'yar takarda. "Ga lambar sirrin waifai."

Ta duba. "Wannan ai lambar waya ce."

"Tawa ce," ya ce, yana naɗe kebul ɗin. "Ki hutar da ƙafarki, malama. Ni ma gwiwoyina sun gaji da rarrafe."