Farin Dokin Tela

Mai Linzami ya sake tsayawa a bakin dangar mijin ƙanwarsa, wai kazarsa yake nema. Shi ko kaza bai taɓa kiwo ba.

Ga abin da ya kawo shi can a turke: kili, fari fat kamar an wanke da madara, ƙirji a buɗe, geza har kafaɗa. Kuma wai na tela! Telan da yake hawa doki ta dama, in ya ja linzami sai ka ce zare yake sa wa allura.

Ku duba rashin adalci. Tun gashin kansa yana baƙi Mai Linzami yake koya wa mutane cewa asalin doki a launinsa yake: fari jinin manya, danda mai roɗi-roɗi na bi masa, baƙi kuwa sai jan amalanke. Ba wanda ya taɓa musa masa. Ba kuma wanda ya taɓa cinsa a musaya. Shi kansa telan, ranar aurensa, wani ƙanjamammen dukushi baƙi ƙirin Mai Linzami ya lallaɓa masa a matsayin gudummawa, ya yi ta zuba masa kirari har ango ya yi ƙwalla. Aka tafi da amarya nesa har da dukushin, ya rabu da ƙaya.

Yanzu bayan shekaru sun dawo unguwa da wannan ingarma, sai ga masu neman shawarar doki sun koma ƙofar shagon ɗinki.

"Wai a ina ka samo shi?" in ji Mai Linzami.

"Wani babban masani ne ya zaɓa min, Yaya," in ji tela, ko kai bai ɗago daga keke ba.

Masani! A garin nan akwai wani masani bayan shi? Abinci ya daina yi masa daɗi. Ya bi masu dawaki ɗaya bayan ɗaya yana bugun cikinsu, kowa ya ce ba shi ba ne.

Abin haushi ma, dokin ya fi mai shi ladabi. Da ya hango Mai Linzami sai haniniya, ya miƙo wuya yana shinshinar aljihunsa.

"Dabba ma ta san manya," ya ce a ransa, ya ɗaura ɗamarar dabara.

Ya fara da tausayi. Farin doki wahala ne, ga wanki, ga bakin mutane. Ya ɗaga kofato ya yi tsaki, ya buɗe baki ya girgiza kai. Daga ƙarshe, don zumunci kawai, ya yarda zai ɗauke musu wannan nauyi, ya ba su dandansa, dokin da ko ɗansa bai isa ya hau ba, haɗe da sirdi da likkafa.

Tela ya dubi matarsa, ya amince.

Mai Linzami ya kwance kili, ya zagaya da shi ta hanyar da ta fi jama'a. Sai da ya dawo ta ƙofar shagon ya kasa haƙuri.

"To, yanzu da magana ta ƙare, wane ne masanin nan naka?"

Ƙanwarsa ta leƙo tana gyara mayafi.

"Haba Yaya, kai ne mana. Dukushin gudummawarka ne. Irinsu baƙaƙe ake haifarsu, kowace shekara suna ƙara fari."