Bango Ruwan Mangwaro

"Wa ya shafa mini wannan fentin?" Baba ya buga sandarsa a bango. "Likita ya hana ni zaƙi, kun kulle ni a ɗaki, kun kewaye ni da ruwan mangwaro. Labule ruwan zuma, ga hoton kankana a saman gadona. So kuke kwaɗayi ya kashe ni?"

Autarsa ba ta yi musu ba. Tun ranar da ya fita ya ɓata, makullin yana hannunta, ita ma ba ta zuwa ko'ina.

"Wane launi kake so, Baba?"

"Fari."

Ta sauke hoton, ta cire labulen, ta buɗe gwangwanin farin fenti, ta yi ta jan buroshi har kafaɗarta ta ƙage. Da yamma ɗakin ya koma fari fat.

Baba ya farka, ya dubi hagu da dama, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Wa ya kawo ni asibiti? Ina ruwan mangwaron da mahaifiyarki ta zaɓa?"

"Yanzu zan mayar, Baba."

Ta jawo ɗaya gwangwanin, na fenti ruwan mangwaro, daga ƙarƙashin gado. Ta daɗe da daina danne murfinsa.