Takalmin Hagu

Yaya, na fara gudu. Na san da kana nan da ka yi dariya har ka riƙe ciki, ni da ko bas ta tashi ba na bin ta, sai dai in jira ta baya.

Abokan gudunka ne suka sa wa kansu sharaɗi don tunawa da kai: kowa ya fita kullum da sassafe har wata ya ƙare, wanda ya yi fashin rana ɗaya ya faɗi. Na je na ce a sa da ni. Kocinku ya rungume ni, ya ce babu karramawar da ta fi wannan. Ba karramawa ta kawo ni ba.

Matar da ke sharar titi ta ce motar da ta buge ka ƙarama ce, mai duhun fenti. Ta ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ta ja, ta bar gilashin fitilarta a kan kwalta. Sai na ce a raina, mai fita da sassafe kullum yake fita, hanya ɗaya, lokaci ɗaya. In na bi sawunka kowace safiya, wata rana za mu haɗu. Shi ya sa nake gudu da babbar sifanar rumfarmu ta faci a cikin hannun riga.

Kwanakin farko ƙirjina ya riƙa huci kamar tayar da ƙusa ta huda. In na ji zan tsaya sai in tuno ka a bakin ƙofa, ka durƙusa kana zura makullin ɗakinka a igiyar takalminka na hagu, igiyar nan ruwan ɗorawa, kana mitar wandon gudu ba shi da aljihu. Sai in ƙara taku.

Gida kuwa yana nan yadda ka bar shi, sai dai ya yi wa mutanen ciki yawa. Umma ta hana a fasa ƙofar ɗakinka. Ta ce ƙofar da ka rufe da hannunka ba za a sa mata guduma ba. A asibiti takalmi ɗaya suka ba mu, na dama. Shi take ajiyewa kusa da filonta. Na hagun na neme shi a kwata, na neme shi a ciyawar gefen titi, ban gan shi ba.

Mijin Anti, yayarmu, shi ne ya riƙe mu. Shi ya yi ta kai da kawo ranar da aka kai ka, ya yi kukan da har sai da aka fitar da shi. Har yanzu kullum sai ya leƙo Umma, a ƙafa ma yake zuwa, don motarsa tana gareji tun makon nan, wai inji ya buga. Ko kayan shagonsa da yake ɗaukowa da asuba ya bar wa wani.

"Auta," in ji shi ranar da ya gan ni ina ɗingishi, "kai da ko kaza ba ka iya kamawa, me ya haɗa ka da gudu? Ka rufa mana asiri ka bar hanyar nan."

"Sai na gama," na ce.

Ya daɗe yana kallon ƙafata. Tsohon kambas ɗin aikina ne, gaban ya buɗe baki, babban yatsa yana jini ta cikin safa. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

Na ci gaba da fita. Na san motar burodi, na san ta ma'aikatan asibiti, na san tsohon da ke kai jikokinsa makaranta. Kowacce sai na kalli fitilarta, ko akwai wadda ta fi 'yar'uwarta sabunta. Ƙafata ta yi ƙarfi, numfashina ya daidaita, koci har yana nuna ni ga sababbi. Amma ƙarfin nan ba na tsere nake tarawa ba, Yaya. A kowane taku ina jin yadda sifana za ta sauka. Na sauke ta a raina har na haddace ƙarar.

Motar ba ta zo ba.

Yau da na dawo, na tarar da takalma a bakin ɗakina. Naka ne, shuɗin nan da kake ajiyewa a ƙarƙashin gado saboda ranar tsere. Na juya, sai na ga ƙofarka a buɗe, ba tsaga, ba alamar guduma. Ƙamshin man da kake shafa wa gwiwa ya fito tsakar gida ya tare ni, sai da na dafa bango.

"Mijin yayarka ne, Allah ya yi masa albarka," in ji Umma. "Ya ce ba zai iya ganin kana zubar da jini ba alhali ga takalma a kulle. Wai mai makulli ya yanka masa sabo. Ungo, ka ajiye, idona ba ya ganin ƙananan abubuwa."

Ta sa mini shi a tafin hannu.

Na sa takalmanka, sun yi mini cif. Na kira mijin Anti na yi godiya, na ce tunda ba ya son in riƙa bin hanyar nan ni kaɗai, gobe ya raka ni. Ya ce to.

Makullin ba sabo ba ne, Yaya, bakinsa duk ya cinye. A zobensa kuma akwai ɗan zare ruwan ɗorawa da wuƙa ta bari a maƙale. Ban gaya wa kowa ba tukuna.