Zariya ko Ibadan

"Mama, wa Anti Safara'u za ta aura, na Zariya ko na Ibadan?"

Hansai ta toshe bakin 'yarta, don maneman ƙanwar tata suna zaure. Kullum da yamma sai su jingine baburansu Besfa a ƙofar gidan nan na Kawo, Datti ya kuranta jami'ar Zariya, Rabe ya ce ai Ibadan ce uwa. Safara'u kuwa sai tambayoyi take jefa musu. Hansai har ta fara tara kayan ɗaki.

Ran nan Safara'u ta shigo tana murmushi. "Yaya, na zaɓa. Zariya."

Hansai ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo.

"Ba Datti ba fa, jami'ar. Sun ɗauke ni karatun likita."

Ke mai ƙanwa a gida, kada ki yi guɗa sai kin ji ƙarshen magana.