Kulorokwin Ɗin Rhoda

Irimiya ya buga kwalbar magani a kan teburin likita.

"Wata huɗu kana ɗura wa matata kulorokwin! Ta ce maka zazzaɓi take yi? Sanyin ƙashi ke damunta. Dubi ƙafarta, har gyambo ya fito!"

Likitan ya duba ƙafar Rhoda, ya ce, "Maganin nan ba na zazzaɓi kaɗai ba ne, yana kwantar da kumburin gaɓoɓi. Ciwon ne ya yi ƙarfi har ya kai ga jijiyoyin jini, suka kumbura ta ciki, shi ya kawo gyambon. Madam, kullum kina sha kuwa?"

"Kar ka ɗora mata laifi!" in ji Irimiya. "Duk wata sai kwalbar ta ƙare!"

Rhoda ta ɗago kai a fusace.

"Ƙarewa kam tana yi, likita. Duk wanda zazzaɓi ya kama a Maitumbi gidanmu yake zuwa, maigidan nan nawa ya zuba masa a hannu. Har Dokta suke kiransa. Ni da aka rubuta wa, rabona da ƙwaya ɗaya tun Kirsimeti."