Zane Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Farfesa Dalmacio Quiambao ya wuce zane goma sha shida yana tsaki. Da ya iso kan na goma sha bakwai sai ya tsaya cak.

Gasar ta wata ƙungiyar masu zane ce a Intramuros, tsohuwar unguwar birnin Manila, kuma kamar kowace shekara shi ne alƙali, tunda ya shekara talatin yana koyar da zane ba tare da ya taɓa ƙarasa nasa ko ɗaya ba. Wannan shi da bakinsa yake faɗa yanzu idan ana shan kofi. A wancan lokacin kuwa, wa ya isa ya tuna masa? Ƙa'idar bana ita ce kowa ya zana Ganuwar Santiago da fentin mai, irin wanda ake wanke burushinsa da kananzir, kada ya sa hannu. Lamba kawai ake mannawa, sunaye suna rufe a ambulan.

Sauran duk babbar ƙofar ganuwar suka zana, wadda ke jikin kowace kalanda. Mai lamba goma sha bakwai kuwa ya tsallaka Kogin Pasig, ya hango ganuwar daga ɓangaren Binondo. Ga duwatsun da Sifaniyawa suka sa kakanninmu suka ɗauko, gansakuka ta cinye su, ga kainuwa tana tafiya a kan ruwa mai launin shayi. Kana kallo sai ka ji warin kogin a hancinka. Dalmacio bai taɓa ganin irinsa a gasar nan ba.

Sannan idonsa ya kai kusurwar ƙasa. Wani ɗan mitsitsin mutum ne da farar riga da tumbi, ya ɗaga yatsa yana yi wa ganuwa bayani. Ba mai sauraronsa sai wata kyanwa, ita ma ta ba shi baya.

Tumbin nasa ne. Yatsan ma nasa ne.

A ganinsa mutum ɗaya ne a duk Manila ya haɗa wannan gwaninta da wannan rashin mutunci: Ambrosio Lacsamana, abokin karatunsa. Rabon da su gaisa tun ranar da Dalmacio ya rubuta a jarida cewa gajimaren da Ambrosio yake zanawa kamar dafaffiyar shinkafa yake. Shekara goma sha tara ke nan.

Ya koma gida ransa a ɓace. Matarsa Milagros ba ta daɗe da dawowa daga cocin Quiapo ba, inda take wuni kowace Juma'a. Ta zuba masa miyar tsamiya da kifi. Ya yi mitarsa ta kullum cewa cokalin yana warin kananzir, sannan ya zayyana mata komai. Ya ce zai iya bai wa lamba huɗu kyautar, ba wanda zai tuhume shi.

Ta tambaye shi ko zanen ya yi kyau.

Ya ajiye cokali ya shiga yi mata darasi kan haske da inuwa, da yadda ake sa ruwa ya yi motsi a kan ƙyalle. Ya kusa cinye rabin awa.

"Abin da ba za ki gane ba ke nan, Mila," ya ce daga ƙarshe. "Wannan hannun namiji ne da ya sha wuyar duniya."

Ta ce masa miyarsa tana hucewa.

Kwana uku yana fama da kansa. Sau biyu yana rubuta lamba huɗu yana yagewa. Sau biyu yana komawa zauren da aka rataye zanukan da sunan duba fitilu, ya tsaya gaban zanen yana ta kallo. Ya yi ƙarya a rayuwarsa kan abubuwa da yawa, amma bai taɓa yi wa idonsa ƙarya ba, kuma idon ne kaɗai ya rage masa. Ya rubuta goma sha bakwai.

Da ya ga gaskiya ta zama dole, sai ya ce bari ya ci ribarta. Ya rubuta jawabi shafi huɗu kan yafiya da girman zuciya, ya haddace shi a gaban madubi, har da wurin da muryarsa za ta yi rawa.

Ranar Asabar da yamma aka jera kujeru a farfajiyar ganuwar. Mata suna fifita, masu ɗaukar hoto sun durƙusa a gaba. Dalmacio bai jira ambulan ba. Ya yi jawabinsa, muryar ta yi rawa daidai wurin, ya buɗe hannuwa ya kira Ambrosio ya fito ya karɓi kyautarsa.

Can baya wani tsoho ya miƙe da sanda. Ya ɗaga hannun dama, kowa ya ga yadda yake karkarwa.

"Na gode da yafiyar, mutumina," in ji Ambrosio. "Amma shekara biyu ke nan ko cokali ba na iya riƙewa. Kallo na zo yi. An ce min an zana tumbinka."

Dariya ta tashi daga baya ta gangaro gaba. Sakatariyar ƙungiyar ta yi sauri ta miƙo ambulan. Dalmacio ya laluba aljihu, sai ya tuna ya bar tabarau a gida da gangan saboda hoto. Ya yi abin da yake yi a asibiti da gidan abinci duk lokacin da rubutu ya gagare shi: ya yafito matarsa.

Milagros ta taso daga layin gaba ba gaggawa. Ta karɓi ambulan ɗin, ta juya shi sau ɗaya, ta mayar masa a hannu yadda yake a rufe.

"Ba sai na buɗe ba, Farfesa," ta ce a hankali, amma lasifika ta kai maganar har bakin kogi. "Ni na rubuta sunana a ciki, na liƙe."