Amsar Kakanni

Katakai biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda ake jefawa don jin amsar kakannin da suka rasu, suka faɗi a daɓen tsohon ɗakin kakanni, dukansu a kife. Duk ɗan bakin tekun Penang ya san ma'anar haka, kakanni ba su yarda ba.

Teik Huat ya kasa ɗago ido ya dubi Siew Hoon, wadda ya zo neman izinin aurenta a wurin kakanninsa.

"Kin gani da idonki," ya ce a hankali. "Ba ni na ƙi ba."

"Sake jefawa."

"Ba a yi wa kakanni naci, Ah Hoon."

Ta yi murmushin takaici. Ta taga ana hango gidan kakansa, yanzu ya koma otal.

"Bara da za ka sayar da gidan can, ina nan tsaye. Suna ƙi kana jefawa, har gwiwarka ta sage, sai da suka yarda."



Ta tsince katakan, ta danƙa masa a hannu.

"Kar ka ɗora wa matattu laifi, Ah Huat. Ni ce dai ban kai a yi naci a kaina ba."